Mako Bakwai a Akra, Bai Ga Teku Ba

Daren ƙarshe na dogon hutu kusan iri ɗaya ne a duk gidan da ya sauki baƙo daga Najeriya, a Nima ne ko Mamobi ko Sabon Zango na birnin Akra. An baje kaya a tsakar ɗaki. Gwaggo na zaune a kan tabarma tana ware turamen atamfa, wannan na wance, wannan na amaryar wane. Ga kwalaben shito, baƙin yajin nan da ake soyawa da mai da busasshen kifi, an ƙulle kowace a leda uku don kada ta yi yoyo a hanya. Ga sabulun salo, ga cakulan Golden Tree na yara. Wanda ake wa hidimar, ɗalibin jami'a da ya taso daga Kano tun watan Yuli, ya danne jaka da gwiwa yana kokawa da zif. Sai taubashinsa ya jefo masa tambaya cikin tsokana: "Kai Bakano, ka ma je bakin teku kuwa?"

Shiru ya yi. Ya kwana 49 a birnin da ke kwance a gaɓar Tekun Atilantika, daga ƙofar gidan zuwa bakin ruwa bai fi tafiyar rabin awa a mota ba idan hanya ta yi kyau, amma ko ƙarar igiyar ruwa bai ji ba.

Irin wannan yaro ba shi da suna, domin suna da yawa. Kowace shekara, da zarar makarantu sun rufe, iyalai kan tura 'ya'yansu wajen dangi a Gana, ko Yawunde, ko Jidda, masu hali kuma har Landan. Yaro ya dawo ya yi ƙiba, ya cika jaka da tsaraba, ya haddace sunayen 'yan uwa arba'in da bai taɓa sani ba. A tambaye shi yadda garin yake, sai ya kwatanta falon gidan da ya sauka, da masallacin bakin layi, da wani katafaren kanti mai na'urar sanyaya ɗaki da aka kai shi sau biyu. An biya kuɗin mota ko na jirgi cif, an ci rabin tafiyar, an bar rabi a can.

Laifin kuwa, in ma laifi ne, daga karamci ya samo asali. A al'adar Bahaushe baƙo amana ne, kuma amana ba a sakinta ta yi yawo. Da ya sa takalmi sai a ji muryar gwaggo daga madafa: "Ina kuma za ka, ɗan nan? Nan fa ba Kano ba ce. Zauna ka ci abinci, anjima za mu je gaida Hajiya." Gobe suna, jibi ɗaurin aure, gata gaisuwar rasuwa a Madina, unguwar da ke can arewacin birnin. Kowane gida sai an ci, kowane gida sai an ba da labarin mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Babu mai hankalin da zai raina wannan. Zumunta a ƙafa take, kuma dangin da suka yi shekara sittin a wata ƙasa suna da haƙƙin su ga jininsu su ƙoshi. Sai dai ƙafar da ta kai mutum gidan Hajiya ita ce dai za ta kai shi kasuwar Makola, kuma mako bakwai ya ishi duka biyun.

Lokacin ma ya dace da yawo. Abin da gidajen rediyo ke fassarawa da hutun bazara, a ƙasar Hausa tsakiyar damina ne, gero ya kai ƙugu, ruwa ya hana fita. A Akra kuwa Agusta na cikin watannin da suka fi sanyi-sanyi a shekara: manyan ruwan sama na Mayu da Yuni sun wuce, gajimare ya rufe rana, iska na busowa daga teku. Wanda ya saba da zafin Afrilu a Kano zai yi tafiyar awa uku a ƙasa bai jiƙe riga ba.

Akwai wani yaro da ya taɓa yin irin wannan tafiya, kuma duk Bahaushe ya san sunansa. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, shekarar da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast suka mayar Akra. Bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta koma Akra da zama tana kasuwanci. Yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka ya bi ayarin fatake masu zuwa Gwanja domin ya gan ta. Ziyarar uwa ce ta kai shi, amma idonsa bai tsaya a ƙofar ɗakinta ba. Ya ga yadda goro ke fitowa daga kurmi, ya ga tashar jiragen ruwa, daga baya ya shiga sahun farko na fataken da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas maimakon watannin da ake kwashewa a kan jakuna. Sauran labarin, na gyaɗa da dalar gyaɗa da arzikin da ya bari a 1955, har zuwa tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote, an sha ba da shi. Ba a cewa duk wanda ya zaga gari zai zama Ɗantata. Abin lura kawai shi ne, kakannin da suka kafa zango-zangon nan mutane ne masu yawan kallo da tambaya, kuma da kallon da tambayar suka ci abinci.

Akra tana da wani tarko na musamman ga Bahaushe, wanda Landan ba ta da shi: sabo. Tsofaffin fatake suna kiran birnin Ankara, kuma sun bar sawunsu ko'ina. Malam Bako, ɗan Malam Na'inno wanda asalinsa Katsina ne, shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20 a filin da ya samu daga sarakunan ƙabilar Ga, masu garin. Nima ta taso a shekarun 1930 a kewayen zaman Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu. Yau a waɗannan unguwanni Hausa ce harshen ciniki da na wa'azi, ko da mai maganar Badagomba ne, ko Bazabarme, ko Bakotokoli daga Togo. Baƙo ya tashi da safe ya sha koko da ƙosai, waɗanda duk Gana ke kira Hausa koko da koose. Da rana ya ci waakye, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, sunan ma daga kalmar wake aka ciro shi. Da dare ga tuo zaafi, wanda ba sai an fassara wa kowa ba, ga mai tsire a bakin titi da suke kira chichinga. Mutum sai ya yi wata biyu a haka yana jin kamar Fagge aka ɗauko aka dasa a bakin kurmi, ya koma gida yana cewa ai Gana ma Hausa ce.

Ba Hausa ba ce. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na mutanen ƙasar su miliyan 30 da ɗoriya, Hausawan asali kuma ɗan yanki ne a cikin wannan kashin. Wanda ya tsaya a zango ya ga ɗaki ɗaya ne a babban gida.

(Wani abin takaici a gefe: samarin da ke zuwa daga Kano ko Sakkwato kan ɓata makon farko suna dariyar Hausar 'yan uwansu, don sun ji an ce da mace "ya zo". Gaskiya ne Hausar Gana ta zubar da bambancin namiji da tamace a nahawu. Amma mai wannan Hausar yakan juya ya yi ciniki da Twi, ya gaida maƙwabci da Ga, ya cika takarda da Ingilishi, mai dariyar kuwa yana tsaye da harshe ɗaya da rabi.)

To ina za a je? Wuni ɗaya tak, da kuɗin trotro, ƙananan bas-bas ɗin haya da yaron mota ke leƙowa ta taga yana kiran sunan unguwa, ya isa a fara. A sauka a tsohon gari, Jamestown da Ussher Town, inda mutanen Ga ke zaune tun kafin zuwan fataken goro. A nan akwai doguwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari, a ƙasanta kuma kwale-kwalen masunta jere a yashi, kowane da rubutun addu'a ko habaici a jikinsa, kamar yadda direbobin tirela ke yi a bayan motocinsu. Mata na banda kifi, hayaƙi ya turnuƙe lungu. Ranar Talata ba a shiga teku kamun kifi, al'ada ce da masuntan gaɓar Gana ke kiyayewa har yau, sai a same su zaune suna ɗinkin koma. A bayan nan ne unguwar Bukom take, matattarar 'yan damben zamani, inda irin su Azumah Nelson da Ike Quartey suka taso har suka ci kambun duniya. Mai son dambe da ya saba da gidan wasa na Kano zai ga yara ƙanana suna dukan buhu a ƙarƙashin rumfar kwano, ya gane cewa talauci da zuciya iri ɗaya ne ko'ina. Idan aka yi sa'a tafiyar ta faɗo daidai bikin Homowo, wanda ma'anarsa yi wa yunwa ihu, za a ga sarakunan Ga suna bin lunguna suna watsa kpokpoi, wani abincin masara da manja, don tunawa da wata yunwa da kakanninsu suka tsallake. Akwai kuma bikin zane da raye-raye na Chale Wote, wanda aka fara a 2011, ana yin sa a cikin watan Agusta.

A kan wannan gaɓar dai akwai ganuwa uku na Turawa da ba su da nisa da juna. Mutanen Holan suka gina wadda ake kira Ussher Fort a 1649, Ingilishi suka gina James Fort a 1673, ta Osu kuma, wadda ta daɗe a hannun mutanen Denmak, ita ce fadar gwamnatin Gana har zuwa 2013. Zinariya aka fara saye a cikinsu, daga baya aka koma sayen mutane. James Fort ta zama kurkuku, kuma a cikinta Kwame Nkrumah yake tsare lokacin da jam'iyyarsa ta lashe zaɓen Fabrairun 1951, aka buɗe masa ƙofa ya fito ya kafa gwamnati. 'Yar tafiya kaɗan daga nan akwai filin da ya tsaya a daren 6 ga Maris 1957 ya shelanta 'yancin ƙasar, sanye da batakari, rigar saƙi ta mutanen arewacin Gana. Kabarinsa yana nan a wurin, an gyara shi an sake buɗewa a 2023.

Akwai kuma wani gida a lungun da ake kira Brazil Lane wanda ya kamata kowane Bahaushe ya tsaya a ƙofarsa. A 1836 wasu 'yantattun bayi suka sauko daga jirgin ruwa daga Barazil, shekara ɗaya bayan boren da bayi Musulmi suka yi a Bahia, yankin da Hausawa bayi suka sha tayar da ƙayar baya tun 1807. Da yawa cikin masu dawowar Musulmi ne. Mutanen Akra suka ji suna yawan faɗin wata kalmar gaisuwa ta Fotugis, sai suka laƙaba musu suna Tabom, kuma zuriyarsu na nan da sarkinsu. Ɗalibin da ya karanta tarihin jihadi da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 a aji, a nan zai ga inda wasu daga cikin kamammun yaƙe-yaƙen suka ƙare, da hanyar da suka bi suka dawo.

Wannan yawon ba ya barin mutum da alfahari zalla, kuma nan ne amfaninsa yake. A falo, labarin da ake ba baƙo na kakanni malamai ne da attajirai. Gaskiya ne. Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami waɗanda masu bincike suka tattara a Jami'ar Gana da ke Legon, jami'ar da aka kafa a 1948, shekara ɗaya da ta Ibadan. Sai dai Salagar da aka yi fataucin goro ita ce kuma babbar kasuwar bayi ta yankin, kuma fatakenmu ba 'yan kallo ba ne a cikinta. Haka nan lokacin da Ingilishi suka ƙona Kumasi a 1874, cikin rundunar da suka yi yaƙin da ita akwai sojojin da ake kira Hausawan Glover, waɗanda aka ɗebo daga Legas. Wasu iyalan zango daga bariki suka samo tushe. Ba safai gwaggo za ta kawo wannan zance ana cin tuwo ba, kuma ba a ga laifinta ba. Mai jagora a gidan tarihi zai kawo shi, kuma gara matashi ya ji da kunnensa yana tsaye a wurin.

Iyaye suna da nasu uzurin, kuma ba na wasa ba ne. Akwai tsoron ɓata, da na 'yan sane a Makola da tashar Circle, da na abinci, tunda a wajen zango ana sayar da naman alade a fili. Akwai tsoron abin da ido zai gani a bakin ruwa ranar Lahadi. Amma maganin duk wannan yana cikin gidan: taubashin nan mai tsokana, wanda aka haifa a garin, ya san motar da za a shiga da mai abincin da za a amince da ita. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Makaho kuwa ɗan jagora ake ba shi, ba a kulle shi a ɗaki.

Game da addini, shugabannin Musulmin ƙasar da kansu ba su ɗauki fita daga zango a matsayin ɓata ba. Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Akra a 1919 kuma ya zama Babban Limamin ƙasa a 1993, ya shiga cocin Katolika na Christ the King ranar Ista ta 2019, yana cika shekara 100, don jaddada zaman lafiya, abin da ya jawo muhawara. Mutum na iya yarda da matakin ko ya ƙi, amma ba zai fahimci dalilinsa ba sai ya ga yadda Musulmi marasa rinjaye ke zama da maƙwabtansu, gida na jingine da gida. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, dab da Nima, wanda wata gidauniyar Turkiyya ta gina da fasalin masallatan Istambul aka buɗe a 2021, shi kam kowane baƙo ana kai shi Juma'a. Kaɗan ne ake kaiwa Teshie, inda kafintoci tun zamanin Kane Kwei a shekarun 1950 suke sassaƙa akwatin gawa da siffar kifi ga masunci, ko mota ga direba, ko ƙwallon koko ga manomi. Wanda ya tashi ya ga ana binne sarki da talaka da likkafani iri ɗaya zai tsaya baki buɗe. Zai kuma koma gida yana kallon jana'izar garinsu da sabon ido, abin da wa'azi goma bai sa shi yi ba.

'Yan mata su suka fi cutuwa. Namiji ko ba a so yakan sulale bayan la'asar. Budurwar da ta zo hutu kuwa daga madafa sai gidan biki, sai shagon tela. Ta yi karatun tarihi ko na likita a jami'a, amma ta koma da labarin ankon da aka fitar kawai. Babu abin da ya hana a haɗa ta da yayyenta mata biyu da ƙane ɗaya a ce su je su ga gidan da W.E.B. Du Bois, masanin nan baƙar fata na Amurka, ya zauna har ya rasu a 1963, ko su kutsa Makola su ga matan da ke juya dukiyar da ta tsone wa sojoji ido har suka rushe kasuwar a 1979, zamanin mulkin Rawlings na farko, matan kuma suka sake tayar da ita.

Jakar da ake ta dannawa a daren ƙarshe ma tana da nata tarihin, kuma ya shafi gidan kai tsaye. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, mutanen zango da yawa suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka nufi ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin nata, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka bar Najeriya da kayansu a cikin jakar leda mai zane-zanen ja da shuɗi, wadda tun daga lokacin ake kira Gana-mas-go. Shi ya sa dangi ɗaya suka rabu gida biyu, shi ya sa kuma tsofaffin gidan ke riƙe baƙo gam kamar za a ƙwace musu shi. Yau yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar zama kwana 90 ba biza. Yaron ya yi amfani da 49, a kan kujera ɗaya.

Motar Legas kan tashi da sassafe. Gwaggo ta rako shi har tasha, ta cusa masa kuɗi a aljihu, ta ce ya gaida mutanen gida, Allah ya tsare hanya, ya sa ba rabuwar ke nan ba. Mota ta bi ta Tema, ta haye kogin Volta a gadar Sogakope, kafin azahar ta isa Aflao, inda ake sauka a nuna fasfo da katin rigakafin shawara. Da an tsallake shingen sai birnin Lome, kuma a nan titin ke bin bakin ruwa sosai, bishiyoyin kwakwa a jere, igiyar ruwa na dukan yashi a hannun dama. Yaron ya matsa jikin taga, ya zaro waya, ya ɗauki hoto ta gilashi mai ƙura. Ya tura wa abokansa na makaranta, ya rubuta "Akra" a ƙasan hoton, ko da yake tekun Togo ne.